NAZARI: Dillancin inshora bayan ritaya, sana'ar da jarinta mutuncin mutum ne

A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar yi wa harkar inshora garambawul, wadda ta maye gurbin dokar 2003. Daga cikin tanade-tanadenta har da ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanoni: Naira biliyan 10 ga masu inshorar rai, biliyan 15 ga masu inshorar dukiya da haɗurra, biliyan 35 ga masu yi wa kamfanonin kansu inshora. Duk mai hannun jarin da ya zuba irin wannan kuɗi zai so ya ga riba, ita kuwa ribar ba ta zuwa sai an samu ƙarin masu zubi. Har yanzu harkar inshora ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin Najeriya ba, kuma mafi yawanta ta tattare ne a Legas da Abuja, a hannun manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati.

A ɓangaren lafiya ma akwai irin wannan matsin. Dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Amma alƙaluman hukumar da kanta sun nuna waɗanda ke cikin tsarin ba su wuce kimanin miliyan 20 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa.

Dokokin biyu suna buƙatar abu guda: mutumin da zai bi gida-gida, ya zauna a zaure, ya shawo kan maigida ya fitar da kuɗi yau domin wata musiba da ba a san ranar zuwanta ba. A yanki irin Ƙaramar Hukumar Minjibir, wanda zai iya wannan aiki sananne ne. Shi ne tsohon hedimasta, ko ma'aikacin lafiya da ya yi ritaya, ko malamin gona, ko akawun ƙaramar hukuma da ya cika shekarun aiki. Ya iya cike takarda, ya san kowa, kuma ana jin maganarsa. Kafin irin wannan mutum ya karɓi jakar dillanci, ya kamata ya gane cewa sunansa zai jingina a kan alƙawarin da ba shi ke da ikon cika shi ba.

Dalilin da tayin zai shiga rai

Ma'aikacin gwamnati yana barin aiki ne idan ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Wanda ya kama aiki yana da shekara 20 zai iya samun kansa a gida yana da 55, da sauran ƙarfinsa, da 'ya'ya a makaranta. A Kano, garatuti ya daɗe da zama abin jira. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin kimanin Naira biliyan 48 na garatuti da haƙƙin mamata, kuma tun ƙarshen 2023 take biya kashi-kashi. Ga kuma tsadar rayuwa: bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024.

Ga mai irin wannan hali, dillancin inshora yana da abubuwan jan hankali na gaske. Ba ya buƙatar shago ko kayan sayarwa, ba ya hana noma, kuma kasuwar a buɗe take. Ƙidayar 2006 ta ba Minjibir mutum sama da 200,000 a mazaɓu 11, irin su Kunya, Wasai, Kantama, Sarbi da Tsakuwa. Garuruwa ne a kusa da juna, gona na manne da gona, mai babur zai iya zaga ƙauyuka da dama kafin azahar.

Buƙatar ma ba ƙirƙirarriya ba ce. Duk wanda ya ga yadda tiyatar haihuwa ɗaya kan sa a sayar da akuyoyi, ko a jinginar da gona, ya san akwai gurbin da gudummawar dangi ba ta iya cikewa. Haka ma mutuwar maigida, wadda sau da yawa kan zama ƙarshen karatun 'ya'yansa.

Yadda la'ada take aiki

Galibi dillalin inshora ba ma'aikacin albashi ba ne. La'ada yake samu daga abin da ya kawo. A doka, sai ya samu takardar shaidar ƙwarewa daga Cibiyar Ƙwararrun Inshora ta Najeriya, CIIN, kamfani ya naɗa shi a rubuce, sannan Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ba shi lasisi. Wanda aka miƙa wa takardu kawai aka ce ya shiga gari, ba tare da waɗannan ba, yana aiki ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma ranar da rikici ya taso ba shi da inuwar fakewa. Inshorar lafiya kuma hukumarta daban ce: NHIA a matakin ƙasa, sai Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, wadda aka kafa da dokar 2016. Mai son haɗa sana'o'in biyu yana ƙarƙashin iyayen gida biyu ne.

A inshorar rai, al'adar sana'ar ita ce la'adar shekarar farko ta fi tsoka, sannan ta riƙa raguwa. Wannan tsari yana tura dillali ga farautar sabbin mutane, alhali amfanin mai zubi yana ga ɗorewa. Sabon dillali kan fara da na kusa: surukai, tsofaffin ɗalibai, abokan sahu a masallaci. Watannin farko sukan yi armashi, domin kunya kaɗai ta isa ta sa mutum ya sa hannu. Idan na kusa suka ƙare, sai kuɗin mai da na kati su ci gaba da fita daga aljihunsa, ko ya samu ciniki ko bai samu ba.

Wanda ya shiga don kunya kuwa shi ne farkon mai daina zubi. A tsare-tsaren da suka haɗa ajiya da inshorar rai, mai janyewa da wuri sau da yawa ba ya samun cikakken abin da ya zuba, domin an riga an cire la'ada da kuɗin gudanarwa. A idon kamfani wannan sharaɗi ne da ke rubuce a takarda. A idon manomin da ya saba da adashi, inda kowa ke kwasar daidai abin da ya zuba, cin amana ne, kuma wanda ya kawo takardar shi ne ya ci.

Kalandar kamfani da kalandar manomi

An gina yawancin tsare-tsaren inshora ne a kan mai albashi, wanda ake cire masa wani abu duk ƙarshen wata. Manomin gero, dawa, wake da gyaɗa ba haka kuɗi ke zuwar masa ba. Yana da kuɗi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Mai noman rani a gefen madatsar ruwa ta Wasai yana samun nasa a wani lokaci daban. Da faɗuwar damina duk abin da ke hannu ya tafi ga taki, iri da 'yan ƙwadago. Watan Agusta shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara.

Ƙa'idar da harkar ke tafiya a kanta ita ce babu zubi, babu kariya. Ma'ana, watannin da manomi ya fi yiwuwar kasa biya su ne watannin da ya fi buƙatar asibiti. Tsarin da bai ba da damar biyan kuɗin shekara gaba ɗaya da kaka ba zai riƙa karyewa a daidai inda ake buƙatarsa.

Daga nan wani tarkon ke ɓullowa. Dillali mai tausayi zai fara karɓar kuɗi a hannu kaɗan-kaɗan, ya ce zai haɗa ya tura, ko ya cike wa wani daga aljihunsa. Idan aka yi rasuwa alhali kuɗin na hannunsa bai shiga asusun kamfani ba, iyalan mamaci ba su da komai a wajen kamfani, shi kuma ba shi da amsar da zai ba mai unguwa.

Tambayar halasci

Babu dillalin da zai yi kwana uku a Minjibir ba a tambaye shi hukuncin abin da yake tallatawa ba. Tambayar tana da tushe. A shekarar 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita tana ɗauke da garari mai yawa, wato rashin tabbas da ke ɓata ciniki, ta kuma halasta tsarin taimakon juna da aka gina a kan kyauta. Shi ne ake kira Takaful. Kamfanin farko irinsa an kafa shi a Sudan a 1979.

A Najeriya, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin Takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful, Noor Takaful da Salam Takaful mai hedikwata a Kano. A tsarin, masu zubi suna ba da gudummawa cikin asusu ɗaya, kamfani yana gudanarwa a matsayin wakili da ladan da aka sani, ba a juya kuɗin a harkar riba, kuma idan an samu rara ana iya raba wa mahalarta. Ita ma hukumar lafiya ta Kano sunan taimakekeniya ta ɗauka, kalmar da ta fi kusa da gayya da gudummawa waɗanda mutane suka sani.

Sai dai sunan Takaful ba ya ɗauke wa dillali nauyin sani. Za a tambaye shi nawa kamfani ke cira, su wane ne malaman da ke sa ido, kuma idan mutum ya rasu, wanda aka rubuta sunansa ne zai mallaki kuɗin ko kuwa za a raba su bisa ƙa'idar gado. A gidan mata biyu ko uku, amsar tambayar ƙarshe tana iya raba zumunci. Dillalin da ya amsa da ka, don kada ciniki ya kuɓuce, ya ɗaura wa kansa rigimar da za ta tashi bayan sadakar bakwai.

Ranar biya

A watan Yunin 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, kamfanonin da suka daɗe suna fama da matsalar biyan masu haƙƙi. Waɗanda suka yi shekaru suna zubi sun koma jiran masu karkasa kadara. Sabuwar dokar 2025 ta yi tanadin asusun kare masu inshora idan kamfani ya durƙushe, ta kuma tsaurara a kan jinkirin biya. Wannan ci gaba ne, amma sai an ga aikinsa a ƙasa. Mutanen da suka ji labarin MMM a 2016 da CBEX a 2025 suna da hujjar ɗari-ɗari da duk mai cewa kawo kuɗi yanzu, ka karɓa nan gaba, ko da kuwa nasa halastaccen kamfani ne.

Ko kamfani lafiyayye ne, biya yana bin takardu: shaidar mutuwa, rahoton likita, shaidar dangantaka. A karkara akan yi rasuwa a gida da safe, a yi jana'iza kafin azahar, babu wanda ya ga likita. Idan ba a yi wa iyali bayanin wannan tun ranar sa hannu ba, haƙƙinsu zai maƙale.

A inshorar lafiya kuwa, darajar kati tana ga abin da majinyaci ya tarar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, da nufin a samu cibiya mai aiki a kowace mazaɓa. Idan mai kati ya je cibiyar aka ce babu magani, ya tafi kemis, to ya biya sau biyu. Hedikwatar kamfani tana Legas ko Abuja, ofishin hukuma yana cikin birnin Kano, shi kuwa dillali gidansa kowa ya sani.

Abin da zai sa sana'ar ta ɗore

Duk wannan bai mayar da sana'ar abin gudu ba. Yankin yana buƙatar mutanen da za su yi ta da gaskiya, kuma ɗan gari mai mutunci ya fi baƙo dacewa. Amma mai shiga yana da damar gindaya sharuɗɗa, tunda abin da yake kawowa kamfani ba zai iya sayensa a kasuwa ba. Ya tabbatar sunan kamfanin yana cikin jerin masu lasisi na NAICOM. Ya nemi ganin shaidar mutanen da aka biya a Kano, da tsawon lokacin da biyan ya ɗauka. Ya karanta yarjejeniyar la'ada, musamman abin da zai faru idan mai zubi ya daina. Kada ya riƙe kuɗin kowa, kowane zubi ya tafi asusun kamfani kai tsaye da rasit. Kada kuma ya taɓa garatutinsa wajen cike adadin da aka ɗora masa.

Hukumomi ma da nasu aikin. NAICOM za ta iya wajabta wa kamfanoni fitar da taƙaitaccen bayanin sharuɗɗa da Hausa, a boko da ajami, da wallafa adadin buƙatun biya da suka karɓa da waɗanda suka biya jiha-jiha. KSCHMA za ta iya daidaita lokacin karɓar kuɗin manoma da kaka, ta yi rajista ta hannun ƙungiyoyin manoma da na masu sana'a, ta kuma buɗe wurin kai koke a sakatariyar ƙaramar hukuma. Kamfanoni kuma su raba la'ada ta yadda dillali zai ci moriyar ɗorewar mai zubi.

Idan aka bar tsarin yadda yake, kamfani zai samu sabbin sunaye a rajistarsa, hukuma za ta samu alƙaluman sanarwa, tsohon malamin makaranta kuma shi zai tsaya gaban iyalan mamaci yana ba da haƙuri. Duk ƙauyen da hakan ta faru sau ɗaya, zai ɗauki shekaru kafin wani dillalin, komai gaskiyarsa, ya sake samun wurin zama a zaure.