A Bar Wa Kwalbar Guba Alamarta

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wata safiya a nan Duza wani almajirina, yaro ɗan shekara bakwai, ya zo karatu sanye da rigar gwanjo. A ƙirjin rigar an zana ƙoƙon kan mutum, ya yage baki shina dariya, har da 'yar hula a karkace. Sauran yara sunka kewaye shi suna sha'awa. Na ce masa, mene ne wanga? Ya ce, "Dodo ne, Malam." Da anka tashi karatu sai na sa anka kawo mini wata kwalbar maganin feshi da ta ƙare, na riƙe ta daga nesa, na nuna musu alamar da ke jikinta, wato ƙoƙon kai bisa ƙasusuwa biyu a giciye. Na ce, wa zai gaya mini ma'anarta? Sai sunka fashe da dariya, sunka ce ai irin na rigar wane ne. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Jama'a, irin waɗanga zane-zane sun cika kasuwa. Suna jikin riguna da jakunkunan 'yan boko da sitikar da samari ke manna wa babur. Wani dodo ne mai ido ɗaya, wani gawa ce naɗe da tsumma ta miƙe hannuwa, wani ƙwarangwal ne shina rawa. Masu sarin dila a Ƙofar Wambai ta Kano ba su ganin abin da ke ciki sai an kwance, saboda haka ban zargi kowa da mugun nufi ba. Amma wajibi ne mu rarrabe, domin ba duka sunka taru sunka zama ɗaya ba.

Ta fuskar hukunci, malamai sun san abin da masu sharhin Muhtasar Halil sunka faɗa a babin walima. Surar mai rai cikakkiya, wadda ke da jiki har ta yi inuwa, ita ce haramun. Wadda anka shimfiɗa bisa tufa ko takarda kuwa makaruhi ce, in ana taka ta ko ana zama kanta barinta dai ya fi. An kuma yi rangwame ga 'yar tsanar yara. To, wanda ya haramta kowane zane da baki ɗaya ya wuce inda mazhaba ta tsaya, ni kuwa ba ni bin sa can.

Dodo bai dame ni ba ƙwarai. Mun san shi tun muna gindin kakanninmu, shi da Gizo da Ƙoƙi, kuma a tatsuniya sau da yawa mai wayo ko mai haƙuri ke kayar da shi. Yaron da ya yi wa dodon takarda dariya ya rage tsoron duhu, ba abin da ya yi hasara.

Gawar nan mai tsumma kuwa tana da asali. Mutanen Masar na dauri ne ke cire kayan cikin mamaci, su busar da shi da wata irin kanwa, su naɗe shi da ƙyalle, aikin kwana 70. A 1922 wani Bature, Howard Carter, ya gano kabarin sarkinsu Tutankhamun, labari ya game duniya. A 1932 anka yi fim a Amurka inda irin wagga gawa ta tashi tana yawo, masu zanen barkwanci kuma sunka ɗauka har yau. Alhali kuwa mutanen Masar da kansu, a 2021, da za su sauya wa gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 mazauni a Alƙahira, da jerin gwano da girmamawa sunka ɗauke su. Mu kuma Suratu Yunus ta sanar da mu an bar jikin Fir'auna ne don shi zama wa'azi. Abin wa'azi in ya koma abin dariya, an yi hasarar wa'azin.

Sai ƙoƙon kai, wanda dominsa na yi wagga takarda. A ƙasar Meksiko suna da bikin tunawa da matattu ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, can ne wani mai zane, Posada, wanda ya rasu a 1913, ya shahara da zana ƙwarangwal cikin ado, don shi tuna wa masu girman kai makomarsu. Su sun san abin da suke nufi. Mu kuwa hoto kaɗai ya iso mana, ma'ana ta tsaya a hanya. A wurinmu ƙoƙon kai aiki biyu gare shi. Na farko, ƙashin ɗan Adam ne, shari'a kuwa ta ba ƙashin mamaci alfarma irin ta mai rai. Na biyu, shi ne alamar guba mai kisa bisa kwalabe da buhunan maganin ƙwari, tare da jan layi a ƙasan takarda. Mafi yawan manomanmu da matansu Ajami suke karantawa, gargaɗin kuwa da Turanci anka rubuta shi. Wagga alama ita kaɗai ke magana da kowa, har yaron da bai fara babbaƙu ba.

Kada wani shi ce Malam ya cika tsoro. A birnin Pittsburgh na Amurka wani likitan yara, Richard Moriarty, ya lura yaran garin ba su gudun wagga alama, don sun saba ganinta a tutar 'yan fashin teku cikin wasanni da hotuna. A 1971 sai da anka ƙago musu sabuwar alama, koriyar fuska mai yatsina ta zaro harshe, ana manna ta bisa kayan guba. Su suna da kuɗin ƙago sabuwa da koya wa gari duka. Mu wa zai yi mana?

Mutanen Duza ba su bukatar a gaya musu mene ne guba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma, Tungar Daji, Tungar Guru da garinmu, sai da anka kankare ƙasar gidajenmu anka zuba sabuwa, Bagega kuwa sai a 2013. Waccan guba ba ta da alama, ƙura ce kamar kowace ƙura, yaro shi taɓa shi kai baki. Da tana da alama, da uwaye da yawa ba su yi kuka ba. To, yaya za mu ɗauki alamar gubar da anka yi mana gatan sa wa alama, mu mayar da ita abin ado a ƙirjin 'ya'yanmu?

Ga roƙona. Ya ku 'yan kasuwa, in kun kwance dila ku ware mai ƙoƙon kai daga kayan yara. In sari na zaɓe kuka je yi, ku bar ta ga mai ita, ribar 'yan riguna kaɗan ba ta kai ran yaro guda ba. Ya ku malamai, kada ku doki yaro don rigar da ba shi ya saya ba, wataƙila ma ita ke nan gare shi. Ni juya ta na sa nawa ya yi, har Allah ya hore wata. Ku samu kwalba wadda ta ƙare, ku nuna wa almajirai alamar daga nesa, ku gaya musu duk inda sunka gan ta mutuwa ce a ciki, ba a sha, ba a taɓawa, ba a ɗibar ruwa da kwalbar. Karatun minti biyar ne, kiyaye rai kuwa na cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsare su.

Masu zane na gida kuma, ga Gizo nan ga Ƙoƙi, ga kura da dila, sun ishe ku ba yara dariya.

Allah shi tsare mana zuriyarmu, shi jiƙan waɗanda sunka riga mu, amin. Haza wassalamu.