Ekran ya ɗauke? Kada ku yarda a fara da "formataj"



Daga Agye zuwa Gazawa har Gidan Rumji, in ka leƙa ofishin magajin gari, ko shagon buga takardu na bakin tasha, ko ƙananan gidajen rediyonmu, tsohuwar kwamfutar tebur za ka tarar tana aiki, irin Dell da HP ɗin nan na gwanjo. Ciwonsu kusan guda ne: ana cikin aiki ekran ya yi baƙi, ya dawo, ya sake ɗaukewa, wani lokacin launin ya koma shuɗi ko ja. A kira mai gyara, tun bai zauna ba ya ce: "Sai an yi formataj." To, ni da wannan kalma nake rigima.

Formataj shi ne a share abin da ke cikin kwamfuta a sake zuba Windows. Me ke ciki? Jerin sunayen ƴan lakwal, takardun neman aiki, lissafin ƙungiyar mata, hirarrakin da aka ɗauka da dattawan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Galibi babu kwafi a ko'ina. Kuma sau da yawa, bayan an share, ekran ɗin ya ci gaba da ƙyaftawarsa, don tun farko ciwon ba can yake ba.

Gwajin ba ya cin ko dala. Kunna ta ka zuba ido. In hoton yana rawa tun lokacin da sunan kamfanin ya fito, kafin Windows ta tashi, to Windows ba ta da laifi. Duba wayar nan mai shuɗin kai da ake kira VGA. Allurai 15 gare ta, guda ta lanƙwashe launi ya tafi, ƙusoshinta biyu suka saki hoto ya dinga ɗaukewa. Ari waya da ekran na maƙwabci ka jona. In hoto ya tsaya cak, ka san inda ɓarawon yake.

In ba nan ba ne, sai ƙura. Jama'a, mun san hunturunmu. Ƙurar da ke shiga hancinmu ita ke kwanciya a kan RAM da fanka. A cire waya daga bango, a buɗe akwatin, a zare RAM ɗin a goge bakinsa mai ruwan zinari da gom na fensir, a mayar har ya ce ƙas. Wadda ke aiki lafiya da safe amma ta ɗauke da azahar, musamman a Afrilu da Mayu, zafi ne ke damunta, fankarta ta toshe. Amma akwatin wutar da ke ciki, da bayan ekran, kada wanda bai iya ba ya buɗe su. Suna riƙe wuta ko an kashe.

Sai babbar magana, kuran. Wutar yankinmu ta layin Katsina take shigowa zuwa Gazawa. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka koma kan janareto da hasken rana har cikin 2024. Wutar da ke hawa tana sauka ita ke gajiyar da kayan cikin ekran, har ya kai sai ya ɗumama kafin ya nuna hoto. Duk da haka za ka ga an kawo wa ofis kwamfutoci, an yi biki an ɗauki hoto, babu regilatar ko ɗaya, balle ondilar. Masu ba da tallafi da magadan gari, don Allah ku sa waɗannan cikin lissafi tun ranar saye.

Ban ce masu gyara duka macuta ba ne. Akwai ƙwararrun matasa, kuma akwai ranar da laifin na Windows ne da gaske. Amma ko a ranar, ka ce masa ya fara kwashe maka takardunka a kile USB, a gabanka, ka buɗe su a wata kwamfutar ka gani da idonka. In ya ce ba shi da lokaci, ɗauki kayanka ka nemi wani.