Daga Bakin Shago: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Wannan makon ba maganar farashin atamfa ko wahalar kan iyakar Aflao zan yi ba. Ɓarna na yi a cikin gidana, kuma na ga gara in faɗe ta da bakina, ko wani zai tsira.

Ɗana na uku, mai gyaran waya a Dekon, ya yi wata da watanni yana tara kuɗi har ya haɗa akwatin gilas na kiwon kifin teku. Ba tarwaɗa ko karfasa ta miya ba, 'yan kifaye ne masu launi, na kallo kawai. Akwatin na cin lita 120, da farin yashi a ƙasa, da duwatsu, da ɗan injin kaɗa ruwa, da kifi biyar. Ranar da ya shigo da shi nan Zongo na ce masa, "Kai yanzu ga teku can kyauta, ka rasa abin saye sai ita?" Uwarsa ta ce in ƙyale yaro, gara wannan da yawon dare. Ba a yi wata biyu ba, ni ne mai jan kujera gaban gilas bayan isha'i.

Sai tafiya ta kama shi zuwa Sinkase, kwana goma. Ya bar mini wasiyya uku. "Baba, abinci sau ɗaya a rana, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. In ruwa ya sauka ƙasa da wannan layin, a cika da tataccen ruwan daɗi, ba na gishiri ba. Yashin kuma kada a taɓa shi."

Ta biyun kaɗai na riƙe. Kifayen nan da sun hango mutum sai su taru a bakin gilas, ni kuma tausayi ya kama ni, na koma ba su sau uku. Jikoki ma suna ta zubawa a bayan idona. Kwana shida, yashin da yake fari fes ya yi wata kunkunniya ruwan ƙasa. A kwana na takwas na ce yaro ba zai dawo ya tarar da ƙazanta ba. Na ɗauko ludayi na dama yashin nan har ƙasa, kamar mai wanke shinkafa. Wani baƙin abu ya taso, ɗaki ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Daren nan kuma aka ɗauke wuta, inji ya tsaya. Da asuba uku cikin biyar sun juya ciki sama.

Da ya dawo bai ɗaga mini murya ba. Ya daɗe yana kallon gilas, sannan ya ce, "Baba, ai na ce kada a taɓa yashin." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na ce ya zaunar da ni ya koya mini, ga kuma abin da na fahimta.

Yashin nan ba ado ba ne kawai. A jikinsa da jikin duwatsun akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce mai kashe kifi. Ƙwayoyin nan su ke juya ta, mataki biyu, zuwa naitiret, wanda kifi ke iya jurewa in bai yi yawa ba. Sabon akwati yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da ake bukata. Shi ya sa ba a kwashe yashi a wanke da ruwan famfo: kulorin da ke cikinsa zai kashe su, a koma farko.

Amma su waɗannan a saman yashi suke aiki, inda iska ke kaiwa. Can ƙasa, in datti ya taru kuma iska ba ta ratsawa, wasu ƙwayoyin daban ke cin sa, su fitar da iskar nan mai warin ƙwai, yashin ya yi baƙi. Muddin tana binne, kaɗan kaɗan take fita. Ni kuwa na sako ta duka a lokaci ɗaya, tare da dattin wata da watanni, wanda ya shanye iskar da kifi ke shaƙa. Tsayawar inji ta ƙarasa aikin.

Yaron ma ya ɗauki nasa kason laifin. Yashinsa ya kai kaurin santimita 7, kuma bai taɓa zuƙe shi ba. Masu wannan kiwo hanya biyu suke bi: ko yashi ya zama siriri, santimita 2 zuwa 5, a riƙa share shi, ko ya zama mai zurfi, santimita 10 zuwa sama, a bar ƙasansa ba a taɓawa sam. Tsaka-tsakin nan shi ke tara datti. Yanzu ya rage nasa zuwa santimita 3, da kaɗan kaɗan, cikin makonni.

Ga yadda muke yi duk Lahadi. Akwai tiyo mai faɗin baki a gefe ɗaya. Ana sa bakin a kan yashi, ɗaya gefen a bokiti a ƙasa. Ruwa na gangarowa, yashi ya yi tsalle cikin bakin tiyon ya koma, dattin da ya fi shi rashin nauyi ya bi ruwa. In yashi ya fara hawa, sai a matse tiyon da yatsa. Kashi ɗaya cikin huɗu na filin kawai ake yi, mako mai zuwa a matsa gaba. Ruwan da aka cire, kamar lita 12, wato kashi 10 cikin 100, a mayar da sabo mai gishiri daidai da na teku, kusan giram 35 a kowace lita. Gishirin ma na musamman ne, ba na miya ba. Ruwan da zafi ya busar kuwa, na daɗi ake mayarwa, don gishiri ba ya bin tururi.

Sauran dabarun ba su da tsada. Abinci wanda za su cinye cikin minti biyu. A saita inji yadda ruwa zai bi ta kan yashi ba tare da ya haƙa rami ba, don datti a lungun da ruwa ya kwanta yake taruwa. Akwai 'yan dodon koɗi na teku masu shiga cikin yashi suna cin ragowa, suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin tiyo. A garin da ake ɗauke wuta kuma, ɗan injin iska mai batir ya fi kifi na shida amfani.

Wani maƙwabci ya ce me zai hana a je bakin teku a ɗebo yashi kyauta. Kada ku yi. Duk wanda ya bi titin bakin teku ya ga inda magudanan gari ke zubewa. Ban da haka, tun 2011 gwamnatin Togo ta hana ɗibar yashin teku. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1968, yashin da igiya ke kaiwa gabas yana tsayawa a yammacinta, teku kuma tana cin ƙasa daga Bagida har Aneho.

Warin nan kuwa na san shi tun kafin akwatin. Ina yaro ƙarami a tsohon Zongo, kafin a tashe mu a 1977, muna jin sa a bakin tafkin Lome. Muna jin sa yau ma duk ranar da aka yi gayyar yashe kwata gab da damina, baƙar laka ta fito. Shekara guda ana zubawa, rana ɗaya a ce za a gyara. Da kowane gida zai share gabansa duk mako, da ba a kai ga toshe hanci ba.

Kuɗin kifin uku na biya daga aljihuna, ya ƙi karɓa, uwarsa ta karɓa ta ba shi. Ya ce sai yashi ya huta kafin ya sayi wasu. Ranar Lahadi kuwa har yanzu bai yarda ya ba ni tiyo ba. Bokiti nake riƙewa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.