Mai Ƙin Yaƙi Ba Matsoraci Ba Ne

Akwai wata kalmar Turanci da ta shiga bakin samarinmu, musamman waɗanda suka yi karatu a Nijeriya ko Gana, watau pacifist. Sun mai da ita zagi. In dattijo ya tashi cikin taron ikkilisiya ya ce kada a rama, sai ka ji ana raɗa daga baya, "Ƙyale shi, pacifist ne," ana nufin rago, mai naɗe hannu. Tun lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai cikin Janairu 2015 nake jin wannan magana, ba ta kuwa da tushe ko kaɗan.

'Yan'uwa, kafin mutum ya jefi wani da kalma, ya kamata ya san nauyinta. Daga harshen Latin aka samo ta: pax shi ne salama, facere kuma shi ne yi. Ashe ma'anarta ta asali ita ce mai yin salama. Daga wannan saiwa ne Littafi Mai Tsarki na Latin ya ɗauki kalmar da ke cikin Matiyu 5:9, inda Ubangijinmu ya sa wa masu ƙulla sulhu albarka. Wani Bafaranshe, Emile Arnaud, shi ya ƙirƙiro siffarta ta zamani a 1901, daga nan Ingilishi suka ara, suna kiran wanda ya ƙi yaƙi da ita.

To, daga ina ragwanci ya fito? Samarinmu sun haɗa ta da wata kalma dabam, passive, wadda ake faɗa wa mai zama kawai a yi masa yadda aka ga dama. A kunne sun yi kama, amma saiwarsu ba ɗaya ba ce. Kamar mutum ne ya rikita garin da ake zama ciki da garin da ake tuƙa tuwo.

A shekara ta 295, a Tebessa cikin ƙasar Aljeriya ta yau, aka kawo wani saurayi Kirista mai suna Maksimiliyan don a sa shi soja na Roma. Ya ƙi, aka yi masa barazana ya ƙi, aka fille masa kai yana ɗan shekara 21. A 1945 kuma, a tsibirin Okinawa, Desmond Doss na Amurka, wanda ya ƙi taɓa bindiga saboda bangaskiyarsa, ya tsaya cikin ruwan harsashi yana sauko da masu rauni daga kan dutse da igiya, mutum wajen 75. Wanne cikin masu raɗar nan zai kira su matsorata?

Ban ce dole kowane Kirista ya bi wannan hanya ba. Tun zamanin Agustin malaman ikkilisiya da yawa sun koyar cewa akwai yaƙin da ya halatta, don kāre marasa ƙarfi. Wanda ya yarda da haka ya kawo hujjarsa, mu zauna mu buɗe Littafi tare. Abin da na ƙi shi ne a rufe bakin dattijo da kalmar da mai faɗinta bai san ma'anarta ba.

In ana neman kalmar da ta cancanci tuhuma, ga 'yar'uwarta nan, pacification, wadda Turawan mulkin mallaka suke kiran cin ƙasa da ita, wai kwantar da tarzoma. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta bi ta ƙasarmu, ta yaƙi Sarauniya a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta karkashe mutanensa. Ita ma wannan kalma daga pax ta fito, masu bindiga ne kuwa suka riƙa rubuta ta cikin takardunsu.