MAI SAYEN KAYAN SATA SHI NE UBAN ƁARAYI

Jama'a, yau muna so mu jawo hankalinku ga wata irin sata da ke damun masu tara tsofaffin babura a Ingila da Amurka. Kada wani ya ce ina ruwan talaka da baburan Turawa. Ku dakata ku ji, gama hanyar da ake bi a ɓatar da nasu ita ce ake bi a ɓatar da na ɗan acaba.

A waɗannan ƙasashe akwai mutanen da ke neman baburan da aka daina ƙera irinsu tun zamanin kakanni, su gyara, su adana. Wasunsu attajirai ne, wasu kuwa tsofaffin makanikai ne da suka zuba guminsu na shekaru a kan babur ɗaya ko biyu. Ga misali, babur mai suna Brough Superior an ƙera shi a birnin Nottingham daga 1919 zuwa 1940, kuma duka-duka bai fi dubu uku da 'yan kai aka yi ba. Kamfanin Vincent ya daina ƙera babura a 1955, amma a 2018 an yi gwanjon wani babur nasa mai suna Black Lightning a Las Vegas a kan dala 929,000. Inda kuɗi irin wannan yake kwance cikin gareji, ai dole idon ɓarawo ya kai.

To, amma ku lura da abu guda. Ɓarawon da ya ɗauke irin wannan babur ba shi da ikon hawansa a titi, ba shi kuma da ikon kai shi kasuwa a fili, domin masana sun san kowane ɗaya kamar yunwar cikinsu. Dabara biyu ta rage masa. Ko dai ya wargaza shi, ya sayar da inji dabam, tanki dabam, fitila dabam ga masu neman kayan gyaran da ba a samu a kanti, ko kuwa ya cusa shi cikin akwatin jirgin ruwa zuwa wata ƙasa. Kowace ya bi, sai da mai saye wanda ya ga araha ya kama bakinsa. In babu wannan mutum, me ɓarawo zai yi da tsohon ƙarfe? Abokin ɓarawo ɓarawo ne, mai ba shi kuɗi kuwa ubangidansa ne.

Ga wani labari da ya kamata kowa ya riƙe. A 1967 aka sace wa wani mutumin Omaha, a jihar Nebraska ta Amurka, baburinsa Triumph ƙirar 1953. Ya kai ƙara, 'yan sanda suka rubuta lambarsa, magana ta kwanta. Sai a 2013 ma'aikatan kwastan a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles suka duba lambar wani babur da za a fitar zuwa Japan, suka tarar shi ne. Bayan shekara 46 aka mayar wa mai shi abinsa, ya riga ya tsufa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma abin da ya kawo ranar nan lamba ce da aka rubuta, da ma'aikacin da bai yi ƙyuyar dubawa ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, a bar bin ɗan tsallake katanga shi kaɗai. A tilasta wa kowane dillali da kowane gidan gwanjo su duba lambar inji da ta jikin babur kafin su karɓi kaya. Abin ba wuya: ƙungiyoyin masu Vincent da masu Brough Superior suna riƙe da rajistar lambobin baburansu. Wanda aka kama da kayan sata bayan ya ƙi tambaya, komai girman rigarsa, a gurfanar da shi tare da ɓarawon.

Wani zai ce, to wanda ya saya da zuciya ɗaya fa, sai ya yi asarar kuɗinsa? Muna tausaya masa, amma ya bi wanda ya sayar masa. Ba adalci ba ne a ce mai kaya na asali, wanda bai ci ba bai sha ba, shi zai ɗauki hasara don wani ya yi sakaci.

Ya ku 'yan kasuwa da masu sana'ar babur, darasin naku ne. Ku rubuta lambar injinku da ta jikin babur, ku ajiye inda ba za ta ɓata ba. Kada ku sayi babur ko kayan gyara sai da rasit da shaidu da dillalin da kuka san gidansa. In an kawo muku abin dubu ɗari a dubu talatin da dare, ku sani hawayen wani ɗan'uwanku ake tallata muku, kuma gobe naku za a kai wa wani.

Allah ya tsare mu da cin haram, amin.