Wayar hannu ko na'urar GPS: wace ce ta fi amfani ga mai shiga dajin Kudancin Kaduna?

Duk wanda ya bar kwalta a Kafanchan ya nufi ƙauyukan da ke gindin duwatsun Kagoro, ko ya kutsa cikin gonakin citta na Jaba da Kachia, ya san cewa sabis ɗin waya ba ya raka mutum ko'ina. Malaman gona da ma'aikatan rigakafi da masu safiyo da dillalan citta suna shiga irin waɗannan wurare kullum, kuma a 'yan shekarun nan muhawara ta taso a tsakaninsu: a dogara da manhajar taswira ta wayar hannu, ko a sayi na'urar GPS ta musamman, irin ta kamfanin Garmin? A yankin da ɓatan hanya da yamma ke iya jefa mutum cikin dajin masu garkuwa, tambayar ba ta ƙawa ba ce.

Akwai kuskuren da ya kamata a fara gyarawa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan sabis ya ɗauke, waya ta makance. Ba haka ba ne. Wayar zamani tana karɓar saƙo kai tsaye daga taurarin ɗan'adam na GPS mallakar Amurka, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kuma da zarar ta ji huɗu daga cikinsu za ta lissafa inda take. Yawancin wayoyin yanzu ma suna haɗawa da Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar kansa. Wanda ya sauke taswirar yankin tun yana gari, a Google Maps ko OsmAnd ko Organic Maps, zai ci gaba da ganin kansa a kanta ko da babu turken sadarwa ko ɗaya a kusa. Sa'ad da gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar a ƙarshen Satumban 2021, katsewar ba ta taɓa taurarin ba.

Saboda haka, ga mafi yawan jama'a waya ta wadatar. Tana aljihu tun da farko, fuskarta ta fi faɗi, kuma tana ɗaukar hoto tare da alamar wurin da aka ɗauka. Nijeriya ma ta gwada ta a babban aiki: a yaƙin kawar da cutar shan-inna, an riƙa bai wa ayarin masu rigakafi a jihohin Arewa wayoyin Android da ke rubuta sawunsu, domin a gane rugagen da aka shiga da waɗanda aka tsallake. Mai ziyarar yini guda zuwa magangarar ruwan Matsirga, ko mai hawan dutsen Kagoro lokacin bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, ba shi da dalilin kashe kuɗin da a yau ya kai farashin wata wayar a kan na'ura ta biyu.

Raunin waya yana wajen batir da ruwa. Fuska a kunne cikin rana, ga neman sabis da ba a samu ba, sai caji ya zube kafin la'asar, kuma ƙauyukan da ake zuwa ba lallai su ga wuta ba a mako. Kudancin Kaduna ya fi arewacin jihar ruwan sama nesa ba kusa ba, kuma jiƙaƙƙen gilashi ba ya jin yatsa. A nan ne ƙaramar na'ura irin eTrex take nuna fifikonta: batir biyu na AA, irin na tocila da ake samu a kowace tireda, suna riƙe ta kimanin awa 25, maɓallanta suna aiki cikin ruwa, kuma ba ta fashewa don ta faɗo daga babur. Jami'in gandun daji ko likitan dabbobi da zai kwana uku a Ladduga yana da hujjar neman ta, kuma hukumar da ta tura shi ce ya kamata ta saya, ba shi ba. Sai dai a yi hattara: a shingen jami'an tsaro na'urar tana kama da rediyon oba-oba, don haka mai ɗauke da ita ya riƙe katin shaidar aikinsa. Haka kuma irin wannan ƙaramar na'ura karɓa kawai take yi, ba ta aika saƙon neman agaji.

Masu auna filaye kuwa zancensu daban ne. Waya da na'urar hannu duka suna iya kuskuren mita kaɗan a fili, fiye da haka a ƙarƙashin kurmi ko jikin dutse. Ga kuma tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya da aka gina kan ma'aunin Minna, alhali GPS yana aiki da WGS84, kuma bambancinsu ya kai mita gommai. A yankin da iyakar gona ta sha zubar da jini, bai dace kowa ya daga waya ya ce ga inda gonar kakansa ta tsaya ba. Wannan aikin mai safiyo ne da kayan aikinsa da hukumar KADGIS.

Amma babbar matsalar ba ta cikin ko wace na'ura. Taswirar ce ba ta cika ba. Titunan Abuja an zana su har lungu, amma hanyoyin ƙafa da na babur da ke tsakanin Zonkwa da Manchok da Kwoi yawancinsu farin fili ne a fuskar waya. Sunaye ma suna rikita mai nema: abin da taswira ta kira Kagoro mutanensa Gworok suke cewa, Kafanchan kuma Fantswam, ga ƙananan unguwanni masu suna biyu ko uku, wani da Tyap, wani da Jju, wani da Hausa. Manhaja ba ta san gadar da ruwan Agusta ya cinye ba, ba ta san hanyar da aka daina bi tun bayan harin bara ba. Za ta zana wa mutum hanya mafi gajarta, wadda sau da yawa ita ce ɗan acaɓan garin ba zai bi ba ko nawa za a biya shi. Na'urar Garmin mai tsada ma, in ba a loda mata taswira mai kyau ba, lamba kawai za ta nuna.

Shi ya sa bai kamata ƙungiyoyi da ma'aikatu su ɗauki sayen na'ura a matsayin cikar tanadin tsaro ba. Ma'aikacin da za a tura yana buƙatar taswirar da aka sauke tun a Kafanchan, da fawa-banki cikakke, da leda ko jaka mai hana ruwa, da sanar da mai unguwa ko dagaci zuwansa, da ɗan jagora ɗan gari wanda aka biya shi haƙƙinsa, a kuma san lokacin da ya kamata ya dawo. Giɓin taswirar kuwa ana iya cike shi. OpenStreetMap, wadda OsmAnd da Organic Maps ke ɗebowa daga gare ta, kowa na iya ƙara mata bayani kyauta. Ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya za su iya saka ƙauyukansu da rijiyoyi da asibitocin sha-ka-tafi da mashigan rafi cikin hutu guda, da sunayen da mazauna wurin suke kiran su, bayan sun nemi yardar dattawan kowane gari kan abin da za a bayyana da abin da ya fi kyau a bari.