Kada Mu Ji Tsoron Abin Shaƙa

Idan hunturu ya shigo da ƙurarsa, mai ciwon asma a zaune yake kwana, ƙirji na kuka kamar usur. Duk uwar da ta taɓa riƙe ɗanta cikin wannan hali a Sakajiki, tsakar dare, hanyar Ƙauran Namoda ba ta biyuwa, ta san abin da nake nufi.

Yanzu likitoci sun samo allurai domin asma mai tsanani. Amurka ta amince da omalizumab a 2003, mepolizumab a 2015, tezepelumab a 2021. Ana yin su duk bayan mako biyu ko huɗu, suna rage kumburin hanyar numfashi. Amma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka, kuma ba kowane mai asma ke bukatarsu ba.

Abin da za mu iya samu shi ne abin shaƙa. Wasunmu na cewa wai yaro zai saba da shi ya kasa bari. Ba haka ba ne. Iri biyu ne: Ventolin na buɗe ƙirji nan take, ɗayan kuwa yana hana ciwon tashi. Tun 2019 masana suka ce manya da matasa kada su dogara da na farkon kaɗai.

To 'yar'uwa, kai yaronki asibiti da rana tun ciwo bai tashi ba. Raba shi da hayaƙin murhu da turaren wuta. Ki tuntuɓi maigida ya sayo maganin a ajiye kusa. Allah Ya ba mu lafiya, amin.